Ƙanƙara a saman ƙasar zafi: abin da ke kayar da ƙaramin jirgi

Kamar yadda aka saba, ga rubutaccen shirin ga waɗanda data ba ta kai su ga sauraro ba.

Yau maganar jirgin sama za mu yi, ƙaramin jirgi, da yadda ƙanƙara ke kama shi yana tsakiyar tafiya har ta kayar da shi. Na san wani ya riga ya yi dariya. A garin da ake zafin digiri 40 da ɗoriya a watan Afrilu, garin da ƙanƙara ke zama kayan gabas da azumi, sai ka bi layi kafin ka samu ta sa wa kunu, shi ne za a zo ana mana zancen ƙanƙara a kan jirgi? Ai wannan matsalar mutanen Kanada ce da Rasha. To ku ɗan ba ni aron kunnenku, domin wannan tunanin na cewa mu ƙasar zafi ce, shi kansa yana cikin abin da ke kashe mutane.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Akwai wanda bai taɓa ganin ruwan ƙanƙara ba a farkon damina? Hadari ya taso daga gabas, iska ta kaɗa, sai ka ji ƙwal ƙwal a kan kwano, yara su fito suna tsinta suna tsotsa, manomi kuma yana salati saboda shukarsa. Daga ina ta fito? Ba daga Turai aka aiko ta ba. A nan saman kanmu aka daskarar da ita. Iska tana ƙara sanyi ne gwargwadon yadda ka hau, kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000. Idan da damina ƙasa tana digiri 30, to a wajen ƙafa 15,000 zuwa 16,000 ka iso inda ruwa ke daskarewa. Wannan kusan kilomita 5 ne kacal. Bai kai nisan da ɗan kabu-kabu ke yi daga Illela zuwa Ƙonni ba. Wato da hanya a miƙe take zuwa sama, da firiza ta fi Ƙonni kusa da mu.

Sai dai ƙanƙarar da ke faɗowa dunƙule tana da nata sharrin daban. Wadda muke magana a kanta yau ta fi ta wayo, domin a matsayin ruwa take zaune a cikin gajimare. Ɗigon ruwa ƙanana a sama suna iya yin sanyi ƙasa da sifili, har zuwa kusan digiri 40 ƙasa da sifili, ba su daskare ba, saboda ba su samu abin da za su kama ba. Masu sayar da ruwan sanyi sun san irin wannan. Wani lokaci ka ciro gorar ruwa daga firiza, ka gan ta ruwa ce tsaf, kana bugunta da hannu ko kana buɗe murfin sai ka ga ta daskare a gabanka. Haka abin yake a sama. Ruwan yana nan yana jira, jirgi ya shigo da gudu, duk ɗigon da ya bugi gaban fiffike ko farfela ko gilashi sai ya daskare nan take ya manne.

Iri biyu matuƙa suka fi sani. Akwai fara mai garaje-garaje kamar wadda ke taruwa a bangon firiza, tana fitowa daga ƙananan ɗigo masu daskarewa nan da nan. Akwai kuma mai sheƙi kamar gilashi, daga manyan ɗigo da ke ɗan gangarawa baya kafin su daskare. Wannan ta biyun ta fi muni. Tana da nauyi, tana da tauri, ba ta saurin ɓantarewa, kuma da daddare da wuya ido ya kama ta.

Yawancinmu za mu ɗauka nauyin ƙanƙarar ne ke janyo jirgi ƙasa. Nauyi na da nasa, amma babbar ɓarnar a siffar fiffike take. Kun ga yadda iskar farkon damina ke yaye rufin kwano ta yi sama da shi? Iskar da ke gudu a kan rufin ce ke ɗaga shi. Fiffiken jirgi an ƙera shi ne da wata lanƙwasa ta musamman domin iska ta bi ta kansa sumul, ta ɗaga shi, kuma a iya sarrafa wannan ɗagawar. Da zarar ƙanƙara ta ɓata wannan sumul ɗin, iska sai ta fara rabuwa da fiffiken tana hargitsewa. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ƙanƙarar da kaurinta da kaushinta bai wuce na takardar gogar katako ba, tana iya rage ƙarfin ɗagawa da kashi 30 cikin 100, ta ƙara turjiyar iska da kashi 40. Takardar da kafinta ke goge ƙofa da ita fa, ba wani tulin ƙanƙara ba.

Daga nan komai sai ya haɗe wa matuƙi. Gudu yana raguwa, sai ya ɗaga hancin jirgi don kada ya rasa tsayi. Ɗaga hancin yana ƙara rage gudun, yana kuma buɗe cikin jirgin ga ƙarin ƙanƙara. Farfela ta ɗauki tata, ba ta jan iska kamar da. A ƙarshe akwai wani mataki da fiffike ke daina ɗaukar jirgi gaba ɗaya, kuma jirgin da ke ɗauke da ƙanƙara yana isa wannan matakin tun yana gudun da a ranar lafiya babu abin da zai same shi. Ƙararrawar gargaɗi ma tana iya makara, domin an saita ta ne da fiffike mai tsabta.

Me ya sa ƙaramin jirgi ya fi shiga uku? Babban jirgi mai injin jet, irin na alhazai da ke tashi daga filin Sultan Abubakar III a Sakkwato, yana ɗibar iska mai zafi daga injinsa ya ɗumama gaban fiffike, kuma yana da ƙarfin ratsa gajimare cikin 'yan mintoci ya haye sama da shi. Matsakaitan jirage masu farfela, irin su King Air da ATR da Cessna Caravan, su suna iya zama a tsakanin ƙafa 15,000 zuwa 25,000, wato daidai inda ruwan nan mai jira yake a irin yankinmu. Kariyarsu galibi wata baƙar roba ce a gaban fiffike, ana hura mata iska ta kumbura ta fasa ƙanƙarar. Ƙananan na koyon tuƙi kuwa, masu kujera biyu ko huɗu, da yawansu ko robar ba su da ita, kuma doka ta hana su shiga inda aka san akwai ƙanƙara.

Robar ma tana da iyaka. Ranar 31 ga Oktoban 1994, wani ATR 72 na kamfanin American Eagle yana shawagi yana jiran izinin sauka a Chicago, cikin yayyafi mai daskarewa. Ɗigon manya ne, sai suka wuce robar suka daskare a bayanta, inda babu abin da zai fasa su. Jirgin ya juya ya faɗi a wata gona kusa da Roselawn a jihar Indiyana, mutum 68 suka mutu. Za ku ce ai Amurka ce. To ranar 9 ga Agustan 2024 wani ATR 72 na kamfanin Voepass ya faɗo yana juyi daga wajen ƙafa 17,000 a garin Vinhedo na Birazil, ƙasar da muka sani da rake da kofi da ƙwallo. Mutum 62 ne a ciki, babu wanda ya tsira, kuma rahoton farko na masu bincike ya nuna na'urar jirgin ta yi ta gargaɗin ƙanƙara kafin faɗuwar.

Amma wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne na nan maƙwabta, a Sahel ɗinmu, da damina. Daren 24 ga Yulin 2014, jirgin Air Algérie mai lamba 5017 ya tashi daga Wagadugu zai je Aljas. Jirgin na kamfanin Swiftair ne na Sifaniya, ƙirar MD-83, da fasinja 110 da ma'aikata 6. Ba ƙaramin jirgi ba ne, amma darasin da ke ciki na kowane matuƙi ne. Akwai hadari a gabansu, suka karkata suka kauce masa, suka hau ƙafa 31,000. A ganinsu sun tsira. Abin da ba su yi ba shi ne kunna na'urar ɗumama bakin inji. Ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara da ke yawo a gefen hadarin suka toshe ɗan ramin da ke auna ƙarfin inji. Ramin da ya toshe sai ya fara ba da labarin ƙarya, yana nuna injin yana aiki fiye da yadda yake yi. Na'urar da ke sarrafa mai da kanta ta yarda da wannan ƙaryar, ta ƙi ba injin ƙarfin da yake buƙata. Na'urar tuƙi kuma, ita aikinta ta riƙe tsayi, sai ta yi ta ɗaga hancin jirgin a hankali a hankali. Sama da minti 5 gudu yana zarewa. Da fiffike ya saki, ba a yi abin da ya kamata na sunkuyar da hanci don maido da gudu ba. Jirgin ya faɗi kusa da Gossi a Mali, duka 116 suka rasu.

Abin da ya fi tsaya mini a wannan labarin shi ne, makonni kaɗan kafin nan, a watan Yunin shekarar, wani jirgin irinsa na kamfanin ɗaya ya gamu da matsala iri ɗaya. Su waɗancan matuƙan sun lura gudu na raguwa, suka kunna ɗumama, suka sauko ƙasa kaɗan, suka ci gaba da tafiyarsu lafiya. Jirgi iri ɗaya, kamfani ɗaya, ƙanƙara iri ɗaya. Makunni ɗaya da ido a kan agogon gudu ne suka raba tafiyoyin biyu.

Irin wannan toshewar ce ta fara rikita jirgin Air France mai lamba 447 a 2009, a kan tekun Atlantika tsakanin Birazil da Senigal, inda ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, mutum 228 suka tafi. Shi ma a yankin zafi ne. Ƙaramin jirgi yana da irin wannan bututun, ɗan siriri kamar biro a ƙarƙashin fiffike, kuma yana da makunnin ɗumama shi. Wanda ya manta ya kunna, agogonsa na iya nuna masa gudun da babu shi.

Yanzu ga wadda ta fi kusa da mu, wadda ba ta buƙatar ka hau sama sosai, ba ta ma buƙatar gajimare. Duk mai babur ko janareta ya san kafireta. Da yawa daga ƙananan jirage masu injin fistin, musamman tsofaffin ƙira, da kafireta suke aiki. Ka taɓa zuba fetur a hannunka ka ji sanyi? Ko ka ga tukunyar gas ta yi raɓa har da farin sanyi a jiki idan ana zuƙarta da ƙarfi? Abu biyun nan suna faruwa a maƙogwaron kafireta lokaci guda. Mai yana zama tururi yana zuƙe zafi, iska kuma tana matsewa ta bi ta ƙuntataccen wuri, sanyi ya ƙaru. Iskar da ta shigo tana iya sauka da digiri 20 ko fiye a cikin ƙiftawar ido. Idan akwai laima a cikinta, sai ta daskare a maƙogwaron, ta fara shaƙe injin. Littattafan koyar da matuƙa sun ce ta fi faruwa idan zafi bai kai digiri 21 ba kuma laima ta haura kashi 80, amma tana iya faruwa har a digiri 38 da laimar kashi 50. Ku tuna safiyar watan Agusta a Zariya ko Jos, bayan an kwana ana ruwa. Yanayin kenan daidai.

Kuma tana da mugunta guda. Idan inji ya mutu jirgi ya faɗi, kafin masu bincike su iso ta narke. A buɗe inji a ga komai lafiya. Maganinta ɗan makunni ne da ke turo iska mai ɗumi daga gefen salansa zuwa kafireta. Amma idan ka ja shi, injin zai fara tari ya ƙara rikicewa na ɗan lokaci, saboda yana haɗiyar ruwan da ya narke. Ɗalibin da bai sani ba sai ya tsorata ya mayar da makunnin, ya koma gidan jiya. Dole ka bar shi a ja, ka daure wa tarin har ya wuce.

Wani zai ce mu ina ruwanmu, ko filin jirgi ba mu da shi a Illela. Ƙananan jirage ba su yi mana nisa ba kamar yadda muke zato. Su ake ɗaukowa su yi feshin tsuntsayen jan-baki a gonakin Sakkwato da Kebbi da Jigawa. Suna sauka a asibitin Galmi, nan bayan Ƙonni. Jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya suna zirga-zirga tsakanin Yamai da Tawa da Agadas da Damagaram da Difa. Manyanmu suna hayar su lokacin kamfe da ɗaurin aure. Sannan ga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, tun 1964 take fitar da matuƙa, kuma ƙannenmu suna burin shiga. Wanda ya koyi tuƙi a Zariya, gobe aiki na iya kai shi tsaunukan Habasha ko Afirka ta Kudu ko Kanada. Yaron da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba a rayuwarsa shi zai zauna a gaba, da rayukan mutane a bayansa.

Ga ƙanina ko ƙanwata mai wannan burin, abin da malamanku za su nanata muku ba shi da yawa. Kafin tashi, a karanta hasashen NiMet, a san a wane tsayi sifili yake ranar, a san inda gajimare ya fara da inda ya ƙare. A cikin tafiya, ƙanƙara tana fara nuna kanta a kan siraran abubuwa, kamar sandar auna zafi ko ƙarfen da ya tallafi fiffike, kafin a gan ta a kan fiffiken. Abin da ka gani a gaba, ka sani na jela ya fi shi, don jela ta fi siranta kuma ba ka ganin ta. Ganin farko shi ne lokacin fita: a juya baya, ko a sauka zuwa iska mai ɗumi idan ƙasa ta ba da dama, ko a hau idan akwai ƙarfi kuma an tabbata saman a buɗe yake. A karɓe tuƙi daga na'ura a riƙe da hannu, domin hannu yana jin lokacin da jirgi ya fara nauyi, na'ura kuwa sai ta yi ta ɓoyewa har ta gaji ta sakar maka shi a mafi munin lokaci. A faɗa wa mai kula da zirga-zirga a fili, ba kunya. Wajen sauka a ƙara gudu kan na kullum.

Duk wannan ana koyar da shi a aji. Abin da aji ba ya iya koyarwa, kuma shi ya sa na kawo maganar nan shirin matasa, shi ne yadda matuƙi ɗan shekara 26 zai kalli Alhaji ko Mai Girma da ya biya kuɗin haya, ana jiransa a taro, ya ce masa ranka ya daɗe, yau ba za mu tashi ba. Mu da aka rene mu a kan ba a musu da babba. Mu da idan direban mota a tasha ya ce tayarsa ba ta da kyau, fasinja ne za su fara ce masa malam ja mu je, Allah na nan. Wannan ɗabi'ar idan ta hau jirgi, ba ta samun gefen titi da za ta tsaya.

Mu 'yan Sakkwato ba sai an ba mu labarin abin da yanayi ke yi wa jirgi ba. Ranar Lahadi 29 ga Oktoban 2006, jirgin ADC mai lamba 053 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato da mutum 105, ya faɗi jim kaɗan bayan tashi. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, da ɗansa Sanata Badamasi, da mataimakin gwamnan jiha Alhaji Garba Muhammad. Allah ya jiƙansu da rahama. Ina firamare a lokacin, amma ban manta yadda gari ya yi tsit ba. Wannan ba ƙanƙara ba ce, iska ce mai sauya alkibla farat ɗaya a bakin hadari. Amma rahoton masu bincike ya ɗora abin a kan shawarar tashi cikin yanayin da aka san ba shi da kyau, da kuma rashin bin matakan fita daga irin wannan iskar yadda ya dace. Uwa ɗaya ce ta haifi matsalolin biyu: hadarin damina, da mutumin da ya ga alama ya ci gaba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke karɓar irin wannan labarin. Jirgi na faɗuwa, kafin magariba mun kasu gida biyu a Facebook. Wasu su ce maƙarƙashiya ce, an shirya. Wasu su ce kwana ya ƙare, a rufe zance. Kwana kam ya ƙare, babu mai musu a nan. Amma yarda da ƙaddara bai taɓa hana a tambayi yadda abu ya faru ba, kuma a harkar jirgi amsar tana nan a rubuce. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, wadda a da ake kira AIB yanzu NSIB, tana wallafa rahotanninta a intanet kyauta. Na Mali ma an wallafa shi a 2016. Mutum nawa ne cikin masu zazzafar muhawara suka taɓa buɗe ko ɗaya? Matuƙan da ke raye yau suna kunna wancan makunnin ne saboda wani ya zauna ya karanta yadda wasu suka mutu.

Ni a nawa ganin, fasinjan da aka ce masa an jinkirta tashi saboda yanayi, ya daina zagin ma'aikata a bakin kanta. Awa uku a kan benci a filin jirgin Sakkwato da ciwo, na sani. Kuma gaskiya ne wasu kamfanoni suna fakewa da yanayi su rufe nasu sakacin, wannan a bi su a kai, a kai ƙara hukumar NCAA. Amma idan ka leƙa ka ga gabas ta yi baƙi, ko hazon hunturu ya rufe har ba ka hango ƙarshen titin jirgi, to wanda ya ƙi tashin ya san abin da yake yi. Waɗanda kuma ke kusa da manya, masu riƙe musu waya da jaka, ku ne kuke shiga tsakani ku ce wa matuƙi oga fa yana sauri. Ku ma a cikin jirgin za ku zauna.

Wanda ke da ƙani ko ƙanwa a kwalejin Zariya ko ta Ilori, a tura masa wannan rubutun, a tambaye shi ko jirgin da yake koyo da shi mai kafireta ne, kuma a wane tsayi sifili yake ranar da ya yi tashinsa na ƙarshe.